Talibambam mai ƙaya na teku: tankin lita 200 zai ɗauke shi?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ba ni shawara kafin in yi aikin da-na-sani. Shekara huɗu ke nan ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi, amma ban taɓa gwada na ruwan gishiri ba. Makon jiya na ga talibambam na teku, wannan mai ƙaya a jiki kamar beguwa, a wajen wani mai sayar da kifi. Tsawonsa bai wuce yatsana ba. Ina tsayawa a gaban gilashin sai ya taso ya zuba mini manyan idanun nan nasa, duk inda na matsa ya biyo ni. Tun ranar ya shiga raina.

Ina da tankin gilashi na lita 200 da ba kowa a ciki. Mai kifin ya ce zai isa, in zuba gishiri kawai, bayan kwana biyu in zo in ɗauka. Hankalina bai kwanta da maganar ba. Wane gishiri? Nawa zan zuba? Me yake ci? Kuma zan iya haɗa shi da jatan lande na ado?

Wani dattijo da ya daɗe a kiwon kifin teku:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi daidai da ka tambaya tun kifin yana hannun mai shi. Kada ka ɗauko shi bayan kwana biyu, kada ma bayan mako biyu.

Fara da sanin wanne ne. Wanda aka fi sayarwa masana na kiransa Diodon holocanthus, a tanki yakan kai santimita 30. Yana da ɗan uwa, Diodon hystrix, wanda ke doshin santimita 90, wannan ba kifin gida ba ne. Suna ƙanana suna ruɗa mutum. Na farkon yana da manyan tabo masu duhu a gadon baya da dogayen ƙayoyi a goshi, na biyun kuwa ƙananan ɗigo ne baƙaƙe har kan fikafikansa.

Ko na farkon ne, lita 200 ta yi kaɗan. Abin da masu kiwonsa suka fi yarda da shi shi ne wajen lita 680, wato tanki mai tsawon ƙafa 6, faɗi ƙafa 2, zurfi ƙafa 2. Kifi ne mai kauri, yana buƙatar wurin juyawa, ga ci da ɓarna, ga yawan kashi. Ka kuma duba inda za ka ajiye: ruwan kaɗai zai kai kilo 700, ban da gilashi da duwatsu da yashi.

Gishirin girki kuwa ka manta da shi. Akwai gishirin da aka haɗa musamman don tankin teku, mai ɗauke da kalsiyam da magniziyam da sauran sinadaran ruwan teku. Kusan giram 35 zuwa 38 ake sa wa lita ɗaya, amma kada ka dogara da awon cokali, ka sayi ma'aunin gishiri ka tsayar da shi tsakanin 1.020 da 1.025. A wani mazubi daban ake dama shi ya kwana yana juyawa, ba a zuba ɗanyen gishiri a kan kifi. Ɗumin ruwa digiri 24 zuwa 27, ma'aunin pH kuma, wato awon tsamin ruwa, 8.1 zuwa 8.4.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ka dakata. Sabon tanki mataccen ruwa ne. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuma tana ƙona masa huhun da yake shaƙa da shi. Sai bakteriya sun zauna a duwatsu da matata, wasu su mayar da amoniya naitirait, wasu su mayar da naitirait naitiret, wadda illarta ba ta kai tasu ba. Wannan yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. Ka jefa guntun ɗanyen jatan lande ya ruɓe a ciki, ka riƙa gwada ruwan. Ranar da amoniya da naitirait suka tashi suka dawo sifiri da kansu, ranar tankinka ya nuna.

Wani ɗan uwa:

Baba, a gafarce ni, amma tunda kifin ƙarami ne, me zai hana ya fara da lita 200 ɗin, in ya girma ya sauya? Ni haka na yi niyya da nawa.

Wata 'yar uwa mai irin kifin:

Malam, wannan "in ya girma" ita ta cuce ni. Na fara da ƙaramin tanki da wannan niyyar, kafin in shirya babban, naitiret ta ƙi sauka ko na canja ruwa sau biyu a mako, kifin ya daina ci, idonsa ya yi hazo. Da ƙyar na ceto shi. In babban tankin bai samu ba tukuna, kifin ma ya jira. Yakan yi shekara 10 har fiye in ya samu kulawa, wata biyu ba za su rage komai ba.

Mai tambaya, kada ka yar da lita 200 ɗinka. Ka mayar da shi tankin killacewa, sabon kifi ya yi wata guda a ciki kana kallonsa. Wannan kifin yana saurin kamuwa da cutar fararen ɗigo, kuma ba shi da ɓawo irin na sauran kifaye, ƙayoyin nan su ne ɓawonsa da suka rikiɗe. Shi ya sa maganin da ke da sinadarin jan ƙarfe yake wahalar da shi, kada ka zuba sai da jagorancin wanda ya san aikin.

Maganar abinci ita ce ta fi damuna, don a nan mutane suke kashe shi da ƙauna. Haƙoransa a haɗe suke, faranti ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar bakin aku, kuma ba sa daina tsiro. A teku da dare yake farauta, yana farfasa ƙaguwa da dodon koɗi, haka bakin ke cinyewa. In ka saba masa da abu mai laushi, haƙoran za su yi tsawo har ya kasa buɗe baki. Ka ba shi kumba da ɓawonta, ƙafar ƙaguwa, jatan lande da ba a ɓare ba, kana sauyawa. Kada ka tsaya kan abu ɗaya, musamman busasshen ƙananan jatan landen nan na gwangwani, masu kiwo da yawa sun ga muƙamuƙin kifinsu ya ƙage a kansa. Kuma gwanin roƙo ne, zai yi ta rawa a gaban gilashi har da feso maka ruwa. Ka daure. Ƙarami sau ɗaya a rana, babba ana iya tsallake kwana. Da hantsaki za ka miƙa masa, bakin da ke fasa ƙaguwa ba zai ji tausayin yatsa ba.

Jatan lande na ado da ka tambaya, abincin darensa ka saya masa.

Wani mai haɗa tankuna:

Ƙari kaɗan kan kayan aiki. Na'urar kwashe datti ta kumfa dole ce, ka ɗauki wadda ta fi ƙarfin tankinka. Hita da wayoyi su koma ƙaramin tankin tace ruwa da ake ajiyewa a ƙarƙashin babban, don yana cizon duk abin da ya gani. Bakin famfo ka sa masa raga. Duwatsun su zama da kogo da zai shige da rana, a kafa su da kyau kada su rufto. Ruwan da ya bi iska da tataccen ruwan daɗi ake cike gurbinsa, gishiri ba ya tashi, in ka ƙara ruwan gishiri ma'auni zai yi ta hawa. Canjin ruwa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari duk mako ɗaya ko biyu. Ka ajiye ɗan famfon iska mai batir saboda ranar da wuta ta ɗauke.

Mai tambaya:

Allah Ya saka da alheri, na fasa ɗauko shi yanzu. Saura tambaya ɗaya, Baba: mai kifin ya ciro shi da raga ya nuna mini yadda yake kumbura. Hakan ba ya cutar da shi?

Dattijon:

Yana cutarwa ƙwarai, kuma ya sa na ƙara shakkar duk abin da mutumin ya gaya maka. Kumburin nan tsoro ne. A cikin ruwa, ruwa yake haɗiya ya cika ciki, ƙayoyi su miƙe, in hankalinsa ya kwanta ya fitar. A waje kuwa iska yake haɗiya, wani lokaci ta maƙale, ya yi ta yawo a saman ruwa ya kasa nutsewa har ya mutu. Ranar da za ka ɗauko shi, ka tura roba cikin ruwan ka kora shi ciki a hankali, ka ɗago shi da ruwansa, kada jikinsa ya taɓa iska. Kafin ka biya, ka sa a ba shi abinci a gabanka, ka duba idonsa garau ne, cikinsa bai lotsa ba. In kana da yara ko kyanwa, ka sa wa tankin murfi mai nauyi, don 'yan wannan dangin suna iya ɗaukar dafi a kayan cikinsu. In ka fara gwajin ruwan, ka kawo mana lambobin mako-mako mu duba tare.