Ta yaya zan san tsayin bishiya ba tare da na hau ta ba?

Baban Yara:
Salam 'yan uwa. Akwai wata tsohuwar darbejiya a tsakar gidana, tun ina yaro nake zama a inuwarta, to bana iska ta yi yawa kuma na ga ta fara karkata wajen ɗakin yara. Daga gindinta zuwa bangon mita 7 ne. So nake in san tsayinta, in ta faɗi za ta kai ɗakin ko kuwa? Wallahi ba na son sare ta.

Mai Alli:
Wa'alaikumus salam yaya, inuwarta ma ta ishe ka. Samo sanda miƙaƙƙiya mai mita 1 ka kafa ta tsaye cak a rana, ka auna inuwarta da tef, nan take ka auna inuwar bishiyar. Sai ka raba inuwar bishiya da ta sanda. Misali sanda ta ba ka santimita 80, bishiya mita 8, to 8 a raba da 0.8, mita 10 kenan. Dalili shi ne hasken rana a karkace ɗaya yake sauka kansu duka biyun. An ce da wannan dabarar Talis ɗan Girka ya auna dalar Masar kusan shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa.

Uwargida:
Ni dai na gwada a bishiyarmu sau biyu amsa ta sha bamban, ashe na auna sanda ne na shiga ɗaki sai bayan awa guda na dawo kan bishiyar, inuwa kuwa ba ta jira. Ka fara sa dutse a bakin kowace inuwa tukuna sannan ka ɗauko tef. Kuma banda tsakar rana, inuwar ta yi guntu, da hantsi ya fi.

Mai Alli:
Gaskiyarki hajiya. Yaya, tunda taka a karkace take kar ka fara awo daga gindi, tsaya daidai ƙarƙashin ƙololuwarta ka auna daga nan, kuma ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya, in inuwar ta hau bango lissafin ya ɓaci.

Baban Yara:
Na yi da safen nan, inuwar sanda mita 1.2, ta bishiya mita 11, ya ba ni mita 9 da ɗoriya. Ta wuce bangon kenan. Na kwashe yaran zuwa ɗaya ɗakin, gobe zan kira masu sassabe su rage mata rassan sama su kuma duba min saiwar.