Neman kalmar Hausa: me za mu kira "energy justice"?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu aikin fassara. An kawo shawarwari daban-daban kan yadda za mu fassara "energy justice", wato a yi wa kowa adalci a sha'anin wuta da man fetur da sauran makamashi. Kafin mu tsayar da kalma, ya kamata mu duba aikin matar da sunanta ya fi fitowa idan ana wannan magana, wato Farfesa Shalanda Baker, wadda ta koyar da shari'a a Jami'ar Northeastern da ke Boston. A watan Janairun 2021 gwamnatin Joe Biden ta naɗa ta mataimakiyar darakta mai kula da wannan fanni a Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, muƙamin da ita ce ta fara riƙe shi. A 2022 Majalisar Dattawa ta tabbatar da ita a matsayin shugabar ofishin da take mataimakiyar darakta a cikinsa, ta kuma bar gwamnati a 2024 ta koma Jami'ar Michigan.

Shawarar da ta fi yawa ita ce "adalcin makamashi". Gajeriya ce, tana da daɗin faɗi, amma tana da matsala ta nahawu. Idan Bahaushe ya ce "adalcin sarki" ko "adalcin alƙali", wanda aka ambata a baya shi ne mai yin adalcin, don haka mai sauraron rediyo zai iya tsayawa yana tambayar yadda aka yi fetur ko lantarki ya zama adali.

Wani malami ya kawo "daidaito a makamashi". Allah ya ƙara ilimi, Malam, sai dai a 2023 an sauya wa ofishin Baker suna, kuma sabon sunan ya haɗa adalci ("justice") da daidaito ("equity") a wuri ɗaya, saboda haka idan muka kashe "daidaito" a nan, ba mu da abin da za mu fassara ɗaya kalmar da shi.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce "adalci a rabon makamashi", domin rabo babban ɓangare ne na aikin. Shirin Justice40, wanda Baker ta yi aikin aiwatar da shi a ma'aikatarta har zuwa barinta, kuma aka soke shi a Janairun 2025, ya tanadi cewa kashi 40 cikin 100 na amfanin wasu jarin gwamnati na sauyin yanayi da makamashi mai tsafta ya isa ga al'ummomin da aka bari a baya. Haka nan ma'aikatar ta taɓa ƙiyasta cewa gidajen masu ƙaramin ƙarfi na kashe kusan kashi 8.6 cikin 100 na abin da suke samu a kan wuta da ɗumama gida, alhali sauran gidaje na kashe kusan kashi 3. Duk wannan rabo ne. Amma binciken da Baker ta yi a jihar Oaxaca ta Meziko ya nuna wani abin da kalmar rabo ba ta ɗauka: an kakkafa manyan fankokin samar da lantarki daga iska a filayen 'yan asalin yankin, jama'a da yawa suna ƙorafin cewa ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Wutar mai tsafta ce, amma an yanke hukunci a kan gonar mutum ba ya wurin, wato an yi masa aski a bayan idonsa.

Saboda haka ra'ayina shi ne mu tsaya a kan "adalci a harkar makamashi". Kalmar "harka" ta ƙunshi kuɗin da ake biya, da amfanin da ake rabawa, da gurɓatar da ake jibge wa wasu unguwanni, da kuma wanda ake zama da shi lokacin yanke shawara. Na san ta ɗan yi tsawo ga kanun labarai, amma ta fi sauran kama ma'ana. Ita Baker kuma sai a kira ta "mai fafutukar adalci a harkar makamashi", kason da iyali ke kashewa a kan wuta kuwa a kira shi "nauyin kuɗin makamashi", idan malamai sun amince.