Wai yariman nan na fim ɗin Chana mawaƙi ne?

Mai Turi, Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum. Musu ne ya kaure a shagona jiya bayan la'asar. Wani yaro ɗan jami'a ya kawo memori in tura masa fina-finan Chana, sai ya hango Curse of the Golden Flower a kwamfuta. Ya dangwala yatsa kan yariman nan mai sulken zinare, wanda ya yi wa ubansa sarki tawaye don uwarsa, ya ce wai babban mawaƙi ne. Na ce haba yaro, shekara nawa ina tura fim ɗin nan! Shi ne fa Kato na Green Hornet, ɗan faɗa ne. Har na ce in maganarsa ta tabbata, turin wata guda kyauta. Wa ya san gaskiyar lamarin?

Alhaji Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara tura wa yaro fim kawai, ya kada ka. Sunansa Jay Chou, su can Zhou Jielun suke ce masa. Ina zuwa Guangzhou saro kaya, kuma a bakin tafintana na fara jin sunan. Muna cikin tasi aka sako waƙarsa, sai ga direba da tafinta sun ɗauka tare, har aka wuce kwanar masaukina. Na tambayi me yake cewa, tafinta ya yi dariya, ya ce su ma sai sun duba rubutun, don cinye kalmomi yake yi kamar mai goro a baki.

Malamar Daura:
Alhaji ya yi gaskiya. Ɗan Taiwan ne, haihuwar 1979, tun yana shekara 4 aka zaunar da shi gaban fiyano. A 1997 ya raka wani abokinsa gasar talabijin yana kaɗa masa. Ba su ci ba, amma mai gabatarwa, Jacky Wu, ya ga takardar kiɗan da ya rubuta, ya ɗauke shi ya riƙa tsara wa wasu waƙa. Sai 2000 ya fitar da kundinsa na farko. Na 2003 kuwa sunan mahaifiyarsa ya sa masa, abin da ya fi burge ni ke nan. Fim daga baya ya shigo: Initial D na tseren mota a 2005, naka na sulken zinare a 2006, sannan Secret a 2007 wanda shi ya ba da umarni da kansa. Kamar dai Umar M. Shareef ne, da murya aka san shi kafin fuska.

Baba Na Musawa:
To ni ina da ja. Na ji an ce baitocin wani Vincent Fang ke rubuta masa da yawa. Mu da muka ga Shata yana ƙera waƙa nan take gaban jama'a, kowace kalma tar a kunne, ku yi mana uzuri.

Malamar Daura:
Baba, Allah ya ƙara girma, ba a haɗa kowa da Shata. Amma kiɗan nasa ne, kuma shi ya cusa kayan kiɗan gargajiyarsu cikin na zamani har matasa suka karɓa. Malam Mai Turi, ka saurari ƙarshen fim ɗin naka, waƙar da ake sakowa lokacin da sunaye ke wucewa shi ya yi ta.

Mai Turi, Ƙofar Ƙaura:
Ikon Allah! Malama, ai wurin nake yankewa don fim ya shiga memori. Na buɗe na asali yanzu na ji. Yaron ma ga shi zaune kan benci tun ƙarfe tara, ya zo da memori uku, har da na abokinsa.