Ina neman Hausar "muscle car" kafin gobe da azahar

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. An ba ni aikin sa Hausa a wani shirin talabijin na Amurka, gobe da azahar za a naɗi murya. Shirin a kan masu bin ƙauyuka ne suna sayen tsofaffin motocin da aka yasar, su kai gida su shekara biyu ko uku suna gyara. Kalmomi uku sun tsaya mini a wuya: muscle car, barn find da restoration. Ta farkon ta fi damuna. Ba kowace mota mai gudu ake kira haka ba. Motocin birnin Detroit na Amurka ne na daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970: a ɗauki matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu, a cusa mata ƙaton inji mai silinda 8, a sayar a farashin da matashi ɗan albashi zai iya saye. Pontiac GTO ta 1964 ake yawan ɗauka ta farko, sai su Dodge Charger, Plymouth Road Runner da Chevrolet Chevelle SS. Na gwada "mota mai tsoka", kunne bai karɓa ba, nama take kawowa a rai.

Bakaniken Fanteka: Wa alaikumus salam. Mota mai ƙwanji. Shi ke nan.

Malamin Hausa: Ƙwanji na ɗan dambe ne da ɗan kokawa. Mu da muke da doki a al'ada me zai kai mu aron damtsen mutum? Ingarmar mota. Su kansu Turawan da ƙarfin dawaki suke auna inji. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina wannan kalma.

Ɗan Damagaram: Basamudiya fa?

Mai Fassara: Basamudiya girman jiki take nunawa, Yaya, alhali su ba su ne manya ba. Cadillac ta zamanin ta fi su tsawo da faɗi nesa ba kusa ba. Sirrin GTO shi ne jikin motar Pontiac Tempest ne, wato matsakaiciya, amma injin lita 6.4. Kamfanin General Motors, mai Pontiac, a lokacin ma yana da dokar hana sa wa matsakaitan motocinsa irin wannan inji, sai John DeLorean, injiniyan Pontiac, da abokan aikinsa suka zagaye dokar, suka sayar da shi a matsayin ƙari da mai saye zai zaɓa. Allah gafarta Malam, ingarma ta yi mini daɗi, amma ga matsala: a shirin akwai Ford Mustang, ita ma ta 1964, sunanta na dokin jeji ne, kuma ajinta daban ne, pony car ake ce musu. Idan na ba wa su Charger doki, me zan ba wa Mustang?

Malamin Hausa: Ka ce mata ƙuru, wato ɗan gajeren doki. Ingarma da ƙuru, ai ka ga Hausa ta riga ta raba maka su tun kafin a ƙera mota.

Hajiyar Rediyo: Malam, wallahi rabon ya yi kyau a takarda. Amma shekarata nawa a gaban makirfo, na san abin da mai sauraro ke kamawa. Yaron birni bai san ƙuru ba, kuma "ingarma" yanzu duk ƙaton abu ake ce wa. Ka ce ingarmar mota, gingimari zai hango. Ka ce mai ƙwanji, nan take ya san ƙarfi ake nufi.

Malamin Hausa: To don yaro bai san kalma ba sai mu binne ta? Wannan ne ya kashe mu, Hajiya. Kullum mu bi Turanci sawu da sawu: sun ce tsoka, mu ma mu nemo tsoka. Haka na ga za ku ce masa ya sa garambawul a ta ukun, wadda ita ma aro ce.

Bakaniken Fanteka: Ranka ya daɗe, "mota" fa? Daga ina ta zo? Da inji da silinda da fenti? Mu da ke ƙarƙashin mota tun safe ba a taɓa tambayarmu ba, sai an gama ƙirƙira a ofis a ce mu riƙa faɗa. A-kori-kura wane farfesa ne ya raɗa mata suna?

Ɗan Damagaram: Kuma in an ƙirƙira ɗin, Hausar Kano kawai ake kallo. Mu nan da yawa daga kalmomin gareji na Faransanci ne, ba wanda ya taɓa cewa mu kawo namu.

Malamin Hausa: Ba wanda ya raina Damagaram, ɗan'uwa. Ni ma ba Bakano ba ne.

Mai Fassara: Don Allah a dawo kaina, lokaci na tafiya. Restoration.

Bakaniken Fanteka: A nan kam zan goyi bayan Malam, garambawul ba ta isa ba. Garambawul inji ake yi wa don ya ci gaba da aiki. Kwaskwarima kuma ta fi muni, ita ce a cike rami da fila a watsa fenti. Mai saye mai wayo maganaɗisu yake ɗorawa a jikin motar, inda ya ƙi kamawa ya san ba ƙarfe a wurin. Su waɗannan mutanen warware motar suke yi har ƙusa ta ƙarshe, su yanke duk inda tsatsa ta ci, su mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, har launin fentin asali. Shi ya sa suke duba ko lambar inji ta dace da ta shasi, don mai injinta na asali ta fi tsada sosai. Kuma sun fi son motar Arizona a kan ta Michigan, saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cinye ƙasan mota.

Hajiyar Rediyo: Mai da tsohuwa yarinya ke nan.

Mai Fassara: Zan sa wannan sau ɗaya a bakin mai gabatarwa. A sauran wuraren "raya mota", masu yi kuma "masu raya tsofaffin motoci". Saura barn find. Akwai wurin da aka buɗe ƙofar wani sito a gona, ga Chevelle SS ta 1970, mai injin lita 7.4, tayoyi sun nutse a ƙasa, ɓeraye sun yi sheƙa a kan kafireta, ta ƙasan kujerar direba ana hango turɓaya. Irinsu da yawa an jingine su ne bayan kuɗin inshora ya hau, dokokin hayaƙi suka tsananta, sannan Larabawa suka hana Amurka mai a Oktoban 1973, mota mai shan mai ta zama kaya. Na yi tunanin "tsintuwar sito".

Malamin Hausa: A'a. Tsintuwa ba ta da mai ita a gabanka, cigiya ake yi. Wannan kuwa da mai ita ake ciniki.

Ɗan Damagaram: Yasasshiya.

Hajiyar Rediyo: Yasasshiya ta faɗi halin motar, ba ta faɗi murnar wanda ya gano ta ba. Amma ba ni da wadda ta fi ta a yanzu.

Mai Fassara: To ga inda na tsaya: mota mai ƙwanji, jam'i motoci masu ƙwanji, raya mota, barn find kuma "yasasshiyar da aka gano a sito", ko da ta yi tsawo. Malam, ƙuru zan ɗauka don Mustang, da ɗan bayani a farko.

Malamin Hausa: Ka ɗauki ƙuru ka bar ingarma, ai ka raba uwa da ɗa. Ban gamsu ba, amma aikinka ne, Allah ya ba da sa'a. A ajina dai ingarma zan ci gaba da cewa.

Bakaniken Fanteka: In an sa shirin ka faɗa mana tasha da lokaci, ina son ganin yadda suka tayar da injin Chevelle ɗin nan.