An buɗe asusu da NIN ɗin ɗana mai shekara 15, me doka ta ce?

Maman Sadik, Rigasa:

Assalamu alaikum. Don Allah masana doka ku taimaka min. Bara da azumi ɗan ƙanwar mijina ya zagaya gidajen dangi yana karɓar takardun NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, wai za a saka marayu a tallafi. Na ba shi ta Sadik tunda mahaifinsa ya rasu. Har tsayar da yaron ya yi jikin bangon zaure ya ɗauke shi hoto da waya. Tallafi dai shiru.

Ranar Litinin sai ga 'yan sanda a ƙofar gida suna neman Sadik da cikakken sunansa. Wai an damfari wata mai sayar da atamfa a Kasuwar Barci, kuma asusun da kuɗin suka shiga sunansa ne a kai. Yaron da ko waya ba shi da ita! Da ya fito da jakar Islamiyya a kafaɗa, su kansu jikinsu ya yi sanyi, suka ce mu same su a ofis. Tun ranar ko ƙofa aka buga sai ya zabura.

Yanzu dangin miji sun taso ni a gaba, wai a rufa asiri. Za su haɗa kuɗin matar su biya, ni kuma in ce na manta wanda na ba takardar. Wane hukunci ke kan mai irin wannan? Kuma in an biya, sunan ɗana ya fita ke nan?

Lauya daga Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifinsa. Laifi biyu ne a nan, ba ɗaya ba.

Na farko sojan gona. Sashe na 22 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya haramta amfani da shaidar wani, rayayye ko matacce, da niyyar zamba. Hukuncin ɗauri ne da ka iya kaiwa shekara 5, ko tara har naira miliyan 7, ko duka biyun, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar. Na biyu damfarar ita mai atamfar. In aka gurfanar da shi ƙarƙashin dokar damfara ta 2006, wadda EFCC ta fi amfani da ita, ɗauri ne daga shekara 7 zuwa 20, babu zaɓin tara. Ban da wannan, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko waliyyi ake sarrafa bayanan yaro, ke kuwa yardar da kika bayar ta tallafi ce, ba ta buɗe asusu ba.

Batun biya kuwa, mayar da kuɗi yana iya sa alƙali ya sassauta, amma ba ya goge sunan Sadik daga asusun, ba ya kuma cire shi daga fayil ɗin 'yan sanda. Kada ki yarda ki ce kin manta. Ba wa 'yan sanda bayanin ƙarya laifi ne mai zaman kansa a dokar final kod, wato kundin hukunta laifuffuka. In kika ɓoye wanda ya karɓi takardar, wa ya rage a fayil? Ɗanki. Ki je da takardar haihuwarsa da shaidar makaranta, kada a ɗauki jawabinsa sai kina wurin tare da lauya. In babu halin ɗaukar lauya, hukumar Legal Aid tana ba marasa ƙarfi kyauta.

Malam Baba, Tudun Wada:

'Yata, zumunci abu ne babba, ni ma ba na son a ce ɗan dangi ya tafi gidan yari. Amma wanda ya fara yanke zumunci shi ne wanda ya ci amanar maraya. Dangin su biya matar, wannan wajibi ne, su kuma kai yaron nasu da kansu ya faɗi gaskiya. Sassauci a gaban hukuma ake nemansa, ba a bakin bazawara da za a sa ta yi ƙarya ba.

Mai POS a Kawo:

Anti, ƙarin bayani daga wajen sana'armu. Tun umarnin Babban Banki na Disambar 2023, ƙaramin asusu ana buɗe shi da NIN ko BVN, shi ya sa ɓata-gari ke farautar takardun mutane da sunan tallafi. Ki tambayi ɗan sandan da ke binciken sunan bankin da lambar wayar da aka ɗaura wa asusun. Ki rubuta wa bankin takardar ƙorafi, ki yi kwafi biyu, su buga miki hatimi a ɗaya ki adana. Ki kuma tambayi sauran matan gidan, da wuya a ce takardar Sadik kaɗai ya karɓa.

Maman Sadik, Rigasa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na tambaya, yara huɗu ne ya karɓi nasu, biyu 'ya'yan kishiyata ne. Mun yi magana da ita daren jiya, gobe tare za mu je ofishin da takardun haihuwar yaran. Barista, kwafi za mu kai ko na asali?