Injiniyan lantarki: UNILAG ko Yabatech?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya gama sakandare bana, ya ƙwallafa rai sai karatun injiniyan lantarki a jami'ar Legas, UNILAG, da ke Akoka. Tun yana ƙarami yake kwance mana rediyo da fanka, yanzu ma shi ke gyara wa maƙwabta cajar waya. Baba kuma ya ce shekara 5 ta yi yawa, gara ya tafi Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba. Masu sani, a ba mu shawara.

Yayan Idi-Araba: Wa alaikumus salam. A JAMB zai zana Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Amma ka faɗa masa gaskiya, gyaran fanka daban, wannan karatun daban. Shekarun farko lissafi ne ke wahalar da yara, sai ya cika takardu da lissafin da'irar wuta kafin ya riƙe abin auna wutar a ɗakin gwaji. A shekara ta 4 ake tura su SIWES, wato koyon aiki a masana'antu, na wata 6, nan hannu ke faɗawa. In ya gama kuma akwai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, a gaba.

Maman Sadiq: Maganar Baba ma abin dubawa ce. Difloma ta ND a Yabatech shekara 2 ce, in sakamakonsa ya yi kyau zai iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji 2. LASU, jami'ar jihar Legas, ma na koyarwa, sai dai tsangayar injiniyancinsu tana Epe, ba a jeka-ka-dawo daga Agege.

Ɗan Agege: Allah ya saka da alheri. Yaya, lissafin nasa fa C ya samu a WAEC, zai wadatar?