Ina sauran wutar take tafiya? Lissafin AC ya tsaya mini

Assalamu alaikum injiniyoyi da manyanmu a karatun lantarki. Ina aji biyu a jami'a, kuma kwana huɗu ke nan wata tambaya ta hana ni sakat.

An jera resisto (abin da ke turje wa gudanar wuta) mai om 30 da naɗin waya mai turjiyar om 40, aka ba su wutar AC, wato wutar da ke sauya alkibla gaba da baya, bolt 230. Na samo jimillar turjiya om 50, wutar da ke gudana amfiya 4.6. Har nan lafiya lau. Amma resisto ya ɗauki bolt 138, naɗin wayar ya ɗauki 184, idan na tara sai in ga 322. Ina dokar Kirchhoff take ke nan, wadda ta ce jimillar bolt ɗin da suka ɗauka dole ta yi daidai da bolt ɗin da aka ba su? Na san idan na bi ta hanyar Pythagoras, wato lissafin tsawon gefunan alwatika mai kusurwar digiri 90, 230 ce take fitowa cif, domin bolt ɗin naɗin waya yana gaban wutar da digiri 90. Hadda ce kawai na yi, zuciyata ba ta gamsu ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarfin wutar. Bolt sau amfiya ya ba ni 1058, amma abin da resisto ke ci bai wuce wat 635 ba. Malaminmu ya ce sauran yana kai-komo ne tsakanin naɗin wayar da tushen wutar. To idan dawowa yake yi, me ya sa ake sa kafasito (na'urar da ke riƙe caji na ɗan lokaci) don a rage shi?

Na cika shafi uku da zanen kibiyoyin da ke nuna bolt da wutar, na goge har takardar ta huje. Don Allah wanda ya gane, ya bi da ni daki-daki, jarrabawa ta ƙarato.